Ba a Goge Ido da Bakin Riga

Shekarata goma sha ɗaya
ranar da na ci ƙosai a ƙofar shagonmu na Fagge,
inda allo ke cewa Sallau Mai Hoto,
na shiga, na dangwala yatsa a idon kyamarar Baba.
Shatin maiƙo ya zauna daram a tsakiya.
Tsoro ya sa na kama bakin rigata,
na tofa yawu, na murza, na ƙara murzawa
kamar mai kankare ƙanzo a gindin tukunya.

Maiƙon ya tafi.
Ya bar zane siriri, kamar gashin gira ɗaya.

Baba bai ɗaga mini hannu ba.
Gilashin ya ɗaga, ya karkata shi wajen taga,
ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Hansatu, ba rigar ce ta yanka ba.
Ƙwayar yashi ce ta kwana a cikin zaren,
ke kuma kika ara mata ƙarfi."

Babu kuɗin sabo a shekarar.
Duk wanda ya tsaya hoto rana tana bayansa
sai wani farin haske ya tsaga masa kafaɗa.
'Yan ƙwallon Gwammaja,
leburorin Bompai masu neman katin aiki,
wani tela da ya rungumi sabon kekensa,
duk sun koma gida da laifina a aljihu.

Bayan la'asar yake zaunar da ni.
"Kifa ta tukuna, fuska ƙasa,
abin da zai faɗo ya faɗo don kansa.
Matsa 'yar robar iska, fuf, fuf.
Ban da baki, numfashi ba ya zuwa shi kaɗai.
Sai buroshi, wanda yatsa bai taɓa gashinsa ba,
ki bi da shi kamar ba kya so.
Ruwan gogewa ɗigo ɗaya,
a kan ƙyalle, kar ki kuskura a kan gilashi.
Ruwa ɗan neman kafa ne,
in ya shige ciki sai damina ta haifa masa fumfuna.
Fara daga cibiya, ki zagayo gefe,
da irin hannun da ake taɓa maɗigar jariri."

"In bai fita ba fa?"
"Sabon gefen ƙyalle."
"In ya fita?"
"Tsaya mana!
Yawan shafa ya fi datti ɓarna.
Mayar da murfi, ki je ki ci abinci."

Yau shekara ashirin da bakwai.
Allon ya kwashe, na sa an sake rubuta sunansa.
Ni ke ɗaukar hoto.
Shi kuwa yana ta rufe masa ido biyu,
ya koma gane mutane da tari da takun takalmi,
har ran Talata da aka yi masa aikin na dama.

Ga auduga, ga ruwan da na tafasa ya huce,
ga 'yar kwalbar da malamar asibiti ta ba ni.
Na wanke hannu sau biyu, bai hana shi rawa ba.
Keke-napep na ta ihu a titi.
Ya ɗaga haɓa, ya ce, "Ɗigo ɗaya."
Na ce, "Na sani, Baba."
"Kar ki danna."
"Na sani."

Daga gefen hanci zuwa waje, sau ɗaya,
na yar da audugar, na ɗauki sabuwa.

Ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa.
Ya dubi taga, ya dubi tsohon gilashin nan mai zane
da nake danne rasitai da shi a kan tebur,
sannan ya karkata kai, ya dube ni,
ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ke, yaushe kika yi furfura?"